Shamuwa, Gaiwa da Kududdufi: Sauyin Yanayi da Halittun Birnin Kano



Gabatarwa

Idan aka ambaci namun daji, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga giwayen Yankari ko dajin Falgore, ko kuwa Gidan Zu na Audu Baƙo. Da wuya a tuna da cewa a cikin ganuwar Kano ma akwai halittu iri iri waɗanda ba mai kiwonsu, ba mai ba su abinci, amma sun zauna tare da Kanawa tun kafin a aza harsashin badala. Akwai shamuwa da balbela da shirwa, akwai jemage da bushiya, akwai kuma kwaɗo da gaiwa a cikin taɓo. Wannan lacca za ta duba yadda sauyin yanayi yake taɓa rayuwar waɗannan maƙwabta. Abin da take son tabbatarwa shi ne: halittun birni sun sha tsallake fari da yunwa a dā domin suna da mafaka, watau kududdufai da manyan itatuwa da fili, yanzu kuwa yanayi ya fara rikicewa daidai lokacin da ake toshe wannan mafaka.

Birni a matsayin mazaunin halittu

Tarihin Kano ya nuna cewa mutanen Dala maharba ne, har an ce Barbushe yakan kashe giwa da sandarsa. An kuma ambaci wani kurmi mai duhu a bakin ruwan Jakara, wanda mutanen wancan zamani suke girmamawa. Ko da an ajiye abin da ke cikin labarin na ƙari, ya isa shaida cewa birnin ya tashi ne a wuri mai ruwa da itatuwa da namun daji.

Da aka shiga gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sai aikin ginin ya haifar da wani abu da ba a yi niyya ba. Duk inda aka haƙi ƙasa don yin tubali, na badala ne ko na gidaje, sai ya zama rami. Damina ta zo ta cika shi, ya zama kududdufi. Ta haka birnin ya samu ɗaruruwan ƙananan tafkuna, ciki da wajen ganuwa, irin su Hauren Shanu da Hauren Wanki.

Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Ya ga wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, cike da agwagin daji da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, ya kuma yaba wa ungulu saboda aikin share ƙazantar gari. Bajamushe Heinrich Barth, da ya zo a 1851, shi ma ya tarar da gonaki a cikin birni. Wannan shi ne jarin da halittun Kano suka gada: ruwa a kusa, inuwar rimi da kuka da tsamiya da ceɗiya, da filin kiwo.

Abin da ya sauya a sama

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffin Kano sun bar labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. A farkon rabin ƙarni na 20, ruwan da Kano take samu a shekara yakan haura milimita 800 idan aka yi tsaka-tsaki, amma a 1973 abin da ya sauka bai wuce kimanin rabin haka ba, sa'an nan aka sake shan wuya a 1983 da 1984. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980. Masana sun danganta wannan dogon fari da sauyin zafin ruwan tekuna, wanda hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yake da hannu a cikinsa.

Daga shekarun 1990 ruwa ya dawo, amma da wani sabon hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan guguwowin ruwa masu tsanani sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ma'anar wannan ita ce ruwa mai yawa yana zuba cikin 'yan sa'o'i, ya gudu ya bar ƙasa, maimakon ya sauka a hankali ya shige ta. Manoma kuma sun san damina mai yaudara, wadda za ta faɗi a yi shuka, sa'an nan sama ta ɗauke har shukar ta ƙone.

Bugu da ƙari ga zafi. Iskar kabon da ƙona gawayin kwal da man fetur da gas ke fitarwa tana tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Yawanta a sararin sama ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa a 2024 zafin duniya ya haura na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri ɗaya da rabi a ma'aunin Selsiyas. A ranar 3 ga Afrilu na wannan shekarar ta 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ruwa mai zuwa da rikici da zafi mai ƙaruwa, su ne abubuwa biyu da halittun Kano suke fuskanta.

Shamuwa da lissafin lokaci

Ba tsuntsun da Bahaushe ya ɗaure da damina kamar shamuwa. Ganinta a kan kuka ko tsamiya alama ce ga manomi ya gyara gona ya fito da iri, shi ya sa ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta. Ita kuwa daga nesa take fitowa. Takan yi watannin ranin ƙasar Hausa a gabashi da kudancin Afirka, a ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ake damina. Sa'an nan ta biyo ruwa zuwa arewa, ta iso a ƙarshen bazara.

Aikin da ke gabanta yana da ƙayyadadden lokaci. Takan saka ƙwai biyu ko uku, ta yi kimanin wata guda tana kwanci, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Watau tana bukatar wajen wata uku na wadatar abinci, abincin nan kuwa fara ce da tsutsa da gina da ƙananan kwaɗi, waɗanda duk ruwa ne ke fito da su. Idan damina ta faɗi ta ɗauke, ciyawa ta bushe, ƙwari suka ɓuya, sai 'ya'ya su ƙyanƙyashe cikin yunwa. Idan kuma guguwa mai tsanani ta zo, sheƙar da aka ɗora a kan reshe takan zube da abin da ke cikinta. Manomi yana iya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Shamuwa ba ta da wannan sararin, domin lokacin komawarta kudu ba ya jira.

Irin wannan saɓani tsakanin lokacin haihuwa da lokacin abinci an auna shi a Turai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai kama ƙuda, baƙi da fari, wanda yake yin hunturu a Afirka ta Yamma ya koma Turai ya yi ƙwai. Da bazarar Turai ta fara zuwa da wuri saboda ɗumamar duniya, tsutsar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita ta riƙa fitowa ta wuce kafin ya shirya. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna cewa a dazuzzukan Holan inda tsutsar ta fi saurin fitowa, yawansa ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 a cikin shekara 20. Wasu kuma sun sauya hali gaba ɗaya: farar shamuwar Turai da yawa sun daina ƙetare Hamada, sun tsaya a Sifen da Fotugal suna kiwo a juji.

Masu kwana a cikin taɓo

Wanda ya fi kowa dogara da kududdufi shi ne gaiwa. Kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska kamar dabbar tudu. Idan ruwa ya fara janyewa bayan kaka, sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da zai bushe ya zama mata kamar jaka, ta bar ɗan ƙaramin rami da iska za ta bi zuwa bakinta. A nan za ta kwanta wata da watanni, aikin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai, tana rayuwa da naman jikinta. Maganar da Hausawa suke yi cewa gaiwa jikinta take ci, kimiyya ta gaskata ta. Har akan ba da labarin magina da suka haɗa da ita cikin tubali ba su sani ba, sai da ruwa ya jiƙa bango ta motsa.

Wannan dabara ta isa ta tsallakar da ita rani mai tsawo, har ma da shekarar fari. Amma tana da sharaɗi. Dole kududdufin ya ƙafe a hankali, taɓon ya kasance da laushi da zurfi lokacin da za ta shiga, dole kuma a sami ruwa mai daɗewa a damina domin ta hayayyafa ta tara ƙiba. Zafi mai yawa yana gaggauta ƙafewar ruwa, yana kuma sa jikin da ke kwance ya ci ajiyarsa da sauri.

Halin kwaɗi ya fi wannan tsanani. Da ruwan farko mai ƙarfi sukan fito daga ɓoyo su cika dare da kuka, su zuba ƙwai a duk inda ruwa ya taru. 'Ya'yan suna bukatar makonni a cikin ruwa kafin su yi ƙafafu. Idan sama ta ɗauke, ruwan ya ƙafe, haihuwar wannan karo ta tafi baki ɗaya. Idan ambaliya ce ta zo, sai ta kwashe su zuwa kwatami. Raguwar kwaɗi kuwa ba a kansu kaɗai take tsayawa ba, domin su ne abincin zalɓe da shamuwa da guza, su kuma suna cin ƙwari masu yawa.

A nan ne hannun mutum ya shigo. Kududdufi babba mai zurfi yana iya riƙe ruwa ya ratsa kwanakin da sama ta ɗauke. Amma da yawa daga cikin na Kano an cike su da shara, an yanka filaye an yi gini a kai, waɗanda suka rage kuma ruwan kwata da leda sun shaƙe su. Asarar ta koma kan mutane: ramin da yake karɓar ruwan unguwa ya tafi, a daidai zamanin da ruwa yake zuba da ƙarfi fiye da dā, don haka ruwan sai ya shiga ɗakuna.

Baƙi daga ƙetaren Hamada

Da kaka, idan shamuwa ta tafi, wasu baƙin suke sauka. Miliyoyin ƙananan tsuntsaye daga Turai da Asiya suna ƙetare Bahar Rum da Hamada su yi hunturu a Sahel. Waɗansunsu nauyinsu bai wuce giram 15 ba, amma suna ratsa fiye da kilomita 1,500 na rairayi ba ci ba sha. Abin da ke kai su shi ne kitsen da suka tara kafin tashi, kitsen komawa gida kuwa a itatuwa da fadamun ƙasashen nan suke tara shi.

A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa ƙarancin ruwan 1968 a Sahel ne ya hallaka su. Tsuntsun ya ba da labarin farin tun shekaru kafin duniya ta farga da yunwar 1973. Abin da ya sa aka iya karanta wannan saƙo shi ne akwai mutanen da suke ƙirge suna rubutawa kowace shekara.

Babban masaukin irin waɗannan baƙi kusa da Kano shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, wadda aka sa cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000. Wani ɓangare na ruwanta daga kogunan Kano da Calawa yake zuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun rage ambaliyar da take cika fadamar, sun kuma mai da ruwan mai gudu duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Kacalla kuwa maɓoya ce ga jan-baki, tsuntsun da ke cinye gero da dawa da shinkafa. Sauyi irin wannan yakan kori halitta mai amfani ya ƙarfafa mai ɓarna.

Zafi da inuwa

Tsuntsu ba ya gumi. Idan rana ta take a watan Afrilu, akan ga kurciya da hankaka baki buɗe suna haki, sun daina kiwo sun laɓe a inuwa. Kowace sa'a da zafi ya hana su neman abinci ragi ce a jikinsu da na 'ya'yansu. Jemage mai cin 'ya'yan itace ya fi shiga haɗari, domin yini yake yi a rataye a reshe. A watan Nuwamba na 2018, da zafi ya haura digiri 42 a garin Cairns na Ostireliya, jemagu kimanin 23,000 suka mutu cikin kwana biyu. Digiri 42 kuwa ba abin mamaki ba ne a bazarar Kano. Abin da ke tsakanin jemage da mutuwa a irin wannan rana shi ne duhuwar ganyen ceɗiya ko durumi da ruwan sha a kusa. Unguwar da aka sare itatuwanta, aka rufe ta da kwano da siminti da kwalta, tana riƙe zafi har cikin dare, ga dabba ga mutum.

Ungulu: laifin da ba na yanayi ba

Wajibi ne a yi adalci, kada a ɗora wa yanayi kowane laifi. Ungulun da Clapperton ya yaba wa, wadda dattawan yau suka tashi suna gani a mahauta da kasuwanni, ta yi wuyar gani a Kano. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa irin wannan ungulu cikin waɗanda suke gab da ƙarewa. Abin da ya kashe ta shi ne guba, da farautarta domin sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Haka gauraka, wanda kamu da lalacewar fadamu suka kusa shafe shi daga dajin Nijeriya, sai dai a gan shi a tsakar gidan masu hali.

Darasin ungulu shi ne ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya saurin dawowa. Halittar da mutum ya riga ya rage ta ba ta da ƙarfin jure shekarar fari ko ta zafi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sauyin yanayi ta tsagar da aka yi masa yake shiga.

Abin da ke hannun hukuma da ɗalibai

Rage hayaƙin duniya nauyi ne da ya fi hawa kan manyan ƙasashe masu masana'antu. Amma gyaran bango yana hannun mutanen Kano, ta hanyoyi uku.

Na farko, kududdufan da suka rage su shiga taswirar tsara birni a matsayin ma'ajiyar ruwa, a yi musu iyaka, a yashe su, a hana zuba shara da yanka fili. Za a ce suna kawo sauro, suna kuma cin yara. Batun yara gaskiya ne, maganinsa shinge da matakala da mai gadi. Game da sauro kuwa, wanda yake kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi hayayyafa a ƙananan ruwaye masu shan rana, irin na sawun mota da ramukan gini, inda babu kifin da zai ci tsutsarsa. Kududdufi mai tsabta da kifi a ciki ya fi mataccen da aka bari da shara aminci.

Na biyu, a kula da irin itacen da ake dasawa. Masanin nan ɗan Holan, Leo Zwarts, da abokan aikinsa sun yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye a itatuwan Sahel, suka tarar da masu cin ƙwari sun taru ne a 'yan nau'o'i kaɗan, musamman gawo da aduwa da dangin ƙaya, darbejiya kuwa kusan ba sa kula ta. Darbejiya tana da inuwa, tana jure fari, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Gawo yana fitar da ganye da rani, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye suke nan. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da zai yiwu: tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna renonsa, har aka kiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A cikin birni kuwa, tsohuwar kuka ko rimi ɗaya da aka hana sarewa ta fi dashe ɗari da za su mutu kafin baɗi.

Na uku aikin ɗalibai ne, watau rubutu. A 1981 R. E. Sharland da Roger Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus. Wannan ma'auni ne da za a iya gwada yau da shi. Ɗalibin da ya ɗauki littafi ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a unguwarsu, da daren da kwaɗi suka fara kuka, da ranar da kududdufi ya cika da ranar da ya ƙafe, ya kuma zauna da dattawa ya rubuta abin da suka sani, ya yi aikin kimiyya na gaske ba tare da kuɗi ko na'ura ba. Idan makarantu goma suka riƙe wannan shekara 20, Kano za ta mallaki irin shaidar da ta sa Ingila ta gane farin Sahel daga bakin ɗan tsuntsu.

Kammalawa

Shamuwa da gaiwa sun ga Kakalaba, sun ga 1973 da 1984, suka kuma dawo, domin birnin ya bar musu reshe da taɓo. Yanayin da ke tafe ya fi wancan zafi da rikici. Ko za su sake tsallakewa ya danganta ne da abin da za a yanke a ofishin filaye da na tsara birane da na gandun daji, da kuma abin da mai unguwa zai yarda a yi da kududdufin bayan gidansa. Inuwar da za ta ceci jemage ita ce za ta sanyaya tsakar gida, ramin da zai raya kwaɗo shi ne zai hana ruwa cin ɗaki. Ma'aikacin da takardar neman cike kududdufi ta zo teburinsa, ya dace ya san cewa abin da zai sa wa hannu ya shafi wannan duka.

Allah Ya ba da damina mai albarka.